Sayen kayan hannu ba sadaka bane

Abin nan yana damuna gaskiya, kullum sai kaji ana cewa sayen kayan aikin hannu daga kamfanonin da ke kula da masu sana'a ai kamar sadaka ce, kana biyan kuɗi da yawa ne kawai don tausayi. Na fahimci dalilin, tunda in ka ɗora shi kusa da na inji farashin ya fi tsada.

Amma ciniki ne. Ɗauki kwando ɗaya, mai saƙa sai ta gyara kaba ta rina ta shanya, sannan ta zauna kwanaki tana saƙa har yatsunta su yi kanta, wannan lokacin nata kake biya. Ƙungiyar WFTO, wato ƙungiyar cinikin adalci ta duniya da ke haɗa irin waɗannan kamfanoni, da aka kafa a 1989 tana da ƙa'idoji 10, ciki har da biyan haƙƙi daidai da hana bautar da yara, kuma in mai sana'ar ya nema ana bashi aƙalla rabin kuɗin tun kafin ya fara, ba kuɗin ruwa, don ya sayi kayan aiki.

Ni nawa kwandon yana kan tebur, duk sanda na gaji na kalli inda saƙar ta ɗan karkace sai inji ƙarfin ci gaba da nawa aikin.