Ba dala miliyan 70 Ohtani ke karɓa a shekara ba

Da ƙungiyar Dodgers ta doke ta Yankees ta ɗauki kofin World Series na wasan besbol a Oktoban 2024, 'yan kallo da yawa a Amurka sun yi ta ƙorafi cewa da kuɗi aka sayi kofin, wai ɗan wasanta Shohei Ohtani, ɗan Japan, yana kwasar dala miliyan 70 duk shekara.

Kwantiraginsa na shekara 10 dala miliyan 700 ne, gaskiya. Amma miliyan 2 kacal ke shiga hannunsa a shekara. Sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa. Shi ya nemi hakan, don ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu gwanaye. Ni abin da ke damuna, babbar gasar besbol ta Amurka ba ta sa iyaka ga yawan albashi ba, ƙananan ƙungiyoyi kuwa ba su da ƙarfin yin irin wannan alkawari.