Turaren Da Kowa Ke Ji Ban Da Ni

Sharuɗɗa biyu kacal na gindaya lokacin da na tashi neman turare: kada kuɗinsa ya girgiza aljihuna, kuma idan na fesa shi da safe ya raka ni har na dawo gida da yamma. A ganina wannan buƙata ce ta mai sauƙin kai, ashe a harkar turare arha da daɗewa ba sa ga maciji da juna.

Wanda na fara saye yana cikin doguwar kwalba mai ɗaukar ido, ƙamshinsa na lemo ne mai sanyaya rai, farashinsa kuma ya sa na fita daga shagon ina ganin na yi wa mai shi wayo. Washegari na fesa shi, na ji daɗi ƙwarai, amma kafin in gama ɗaure igiyar takalmi ya tafi ko sallama babu. Da na duba kwalinsa sai na ga an rubuta Eau de Cologne, wato irin turaren da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709, wanda man ƙamshin cikinsa ba ya wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100, saura duk sinadarin barasa ne da ruwa. Ga shi kuma man lemo yana cikin waɗanda suka fi saurin bin iska. Turaren bai ci amanata ba, aikin da aka yi shi dominsa ya yi, wato ya wartsake mutum na ɗan lokaci ya kama gabansa.

Daga nan na zama mai nazarin kwalaye. Na gane cewa Eau de Toilette yakan ƙunshi kashi 5 zuwa 15 na man ƙamshi, Eau de Parfum kashi 15 zuwa 20, shi kuwa Parfum yana kai wa 20 zuwa 30, kuma duk matakin da mutum ya hau, farashi ya riga shi hawa. Na kuma fahimci cewa abin da hanci ke ji a mintunan farko somin taɓi ne kawai, abin da ke zama a jiki har yamma shi ne mayukan ƙamshi masu nauyi da ke ƙasa, irin su almiski da ambar da sandal da itacen ud. Da wannan ilimi na samo wani Eau de Parfum na wani ƙaramin kamfani da ba ya kashe kuɗi wajen talla, saboda haka bai ɗora mini kuɗin tallar a kan kwalba ba.

Babu shawarar masana da ban bi ba. Na shafa mai marar ƙamshi tukuna, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare, sannan na fesa a wuya da tsintsiyar hannu, na adana kwalbar inda rana da zafi ba za su lalata ta ba. Na fita ina taku ɗai-ɗai. Bayan kamar awa guda na sunsuna hannuna, shiru kake ji. Na sunsuna wuyan riga, nan ma babu labari. Raina ya ɓaci, na yanke hukuncin cewa turaren rowa yake yi, kuma maganin marowaci shi ne naci. Na ƙara yawan feshi, na haɗa da ƙirji da bayan kunne da rigar kanta, har na riƙa tafiya ofis da kwalbar a jaka domin in yi ƙari da tsakar rana.

A wannan lokacin ne al'amura suka fara sauyawa a wurin aiki, kuma duk na fassara su ta hanyar da ta fi yi mini daɗi. Idan na biyo baranda sai mutane su dare su ba ni hanya, na ce kwarjini ne ya ƙaru. Taron da aka saba shafe awa biyu ana yi sai ya koma ana kammala shi cikin gaggawa da zarar na zauna, na ce hujjojina ne suka yi ƙarfi. Wani ya riƙa buɗe taga alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, wani ya ɗauke teburinsa daga kusa da nawa yana cewa can ya fi haske. Shi kuwa wanda ke jera atishawa kullum, har shawara na ba shi da ya nemi maganin mura kada ya shafa mana.

Wani dattijo cikin abokan aikinmu ne ya ja ni gefe, ya tsaya ɗan nesa, ya ce, "Malam, don Allah kada ka ji haushi. Turaren nan naka yana riga ka shigowa ofis, kuma idan ka tashi aiki shi ba ya tashi." Na rantse masa cewa ni ko ɗuriyarsa ba na ji. Ya yi dariya har da tari, sannan ya bayyana mini cewa hanci yana sabawa da duk ƙamshin da ya daɗe tare da shi, ƙwaƙwalwa ta daina kula da shi domin ta saurari sabon ƙamshi, shi ya sa mai turare ne mutum na farko da ke daina jin turarensa. Ya ƙara da cewa akwai ma nau'o'in almiski da wasu mutane ba sa iya jin su sam, ko da an tsoma su a ciki.

Da na kai ƙara gida ina neman mai goya mini baya, uwargida ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, ai na ɗauka da gangan kake yi, tun da ka sayo shi ko sauro ɗaya bai sake shigowa ɗakin nan ba." Ta nuna mini farar rigata da man turaren ya yi wa tabo a ƙirji, da sauran da ta riƙa shanyawa a waje ba don sun jiƙe ba.

Yanzu kwalbar tana hannunta, ita ke yi mini feshi biyu da safe ta mayar ta kulle, kuma ita ke ba da shaida da yamma cewa ƙamshin yana nan. A yadda ruwan ke raguwa, ban ga ranar da zan sake sayen wani ba. An daina buɗe taga a ofis, mai atishawa ya warke ba tare da magani ba, amma wanda ya ɗauke teburinsa har yau bai mayar ba, ya ce zai ƙara lura da ni tukuna.