Dorinar Kogin Oli

Tunda Kawu ya ƙi daina ba da labarin nan a majalisa, gara ku ji shi daga bakina.

Shekarun baya ne, kafin dajin ya gagari masu yawon buɗe ido. Muka tsallaka Rofiya a jirgin ruwa, muka bi ta Sabuwar Busa da Wawa, sai ga mu a gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu. Tun a mota nake ta zuba musu: a 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya cinye tsohuwar Busa. Da aka zo kan dorina na ce su yi shiru, ɗan Yawuri ke magana, cikin Sarkawa na tashi. Da rana tana ruwa, sai dare take fitowa kiwo, meye abin tsoro?

Mun ga mariya, mun ga gwaggon biri. A bakin Kogin Oli ma'aikacin gandun ya nuna mana dorinai can tsakiya, kunne da hanci kawai a waje, ya ce kada kowa ya yi nisa. Ni kuwa fitsari ya matse ni, na ɗauki buta na zaga bayan ciyawa.

Na tsuguna ke nan sai na ji gurnani dab da ƙeyata. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Zariya a kwance, wando a gwiwa, ina tsalle ina "Dorina! Wayyo dorina!" Takalmi ɗaya ya fice, wandon ya harɗe ni, na kife rub da ciki a gaban 'yan matan sakandaren da aka kawo ziyara. Ina ɗago kai, baki duk yashi, sai ga gadu ya fito da 'ya'yansa, wutsiya a tsaye kamar eriyar rediyo, su ma gudun nawa suke yi. Malamar yaran ta ce, "Sannu Baba, gyara wandonka." Baba! Ni da ko furfura ban yi ba.

Amma Kawu da ke dariya, ku tambaye shi wa ya riga kowa shiga mota ya danna sakata. Direban ma a waje ya bar shi yana bugun gilashi. Wannan ba ya cikin labarinsa. Mutumin da ko kazar gidansa sai ya kira almajiri ya kama masa. Kuma wai butar tasa ce, ta Makka, in biya shi.

Butar dai tana can, wanda ke so ya je ya ɗauko.