Maganin azithromycin ga yara: a raba, amma a tsare kasuwa

Na karanta labarin da aka rubuta kan binciken raba wa yara azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, don rage mace-mace. Daga nan Tawa na karanta shi, kuma na yi murna da aka tuna cewa a ƙasarmu Nijar aka yi babban ɓangaren binciken. Wanda aka fitar a 2018, mai suna MORDOR, an yi shi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ana ba yara daga wata 1 zuwa wata 59 azithromycin sau biyu a shekara. A Nijar, inda aka yi aikin a jihar Doso, mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, fiye da sauran ƙasashen biyu. Duk wanda ya taɓa zaman makoki na yaro a lokacin damina ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai, malam marubuci, ka tsallake abin da masu binciken da kansu suka yi gargaɗi a kai: ƙwayoyin cuta na sabawa da magani har ya daina cin su. To mu da ake tallan magani a tire, cikin rana tsaka, kusa da masu tuyar ƙosai? Uwa ta sayi ƙwaya biyu ja da rawaya, zazzaɓi ya sauka, ta ajiye sauran sai wani jiƙon. Idan labari ya bazu cewa wannan magani na hana mutuwa, wallahi gobe za ka gan shi a tebur.

A bar rabon a hannun ma'aikatan likita, da awo daidai da jikin yaro, a kuma riƙa gwaji ana duba ko har yanzu yana aiki.