Ba jifa aka yi wa gidan nan ba, kuɗin ne ya yi yawa

Jiya bayan sallar Juma'a aka sake tayar da maganar gidan marigayi kakanmu na Hanwa a Zariya, kuma har yanzu raina bai daina ɓaci ba. Waɗanda suka san mu sun san gidan da nake nufi. Shekara biyu ke nan da aka rubuta "na sayarwa ne" a jikin katanga, har fentin ya koɗe, ruwan damina biyu ya wanke lambar wayar da ke ƙasa. Sai jiya aka ce wai an gano dalili: maƙwabci ne yake kore masu saye, an yi wa gidan jifa, don haka kowa cikin magada ya kawo wani abu a kai wa malami a karya.

Na ce ko sisi ba zan bayar ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, boko ya ɓata ka." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Kawu, amma ba jifa ba ne, kuɗin ne ya yi yawa." A nan ma abin da zan maimaita ke nan, duk wanda zai ji haushi ya ji.

An sa wa gidan nan miliyan 45. Watanni uku da fitar da shi wani malamin jami'a ya zo, ya zagaya, ya taya miliyan 32, kuɗi a hannu. Aka ce masa albarka, har da ɗaga murya, wai ya raina mana uba. Bayansa mutum huɗu sun zo, babu wanda ya kai inda ya kai. To don Allah, in mutum biyar da ba su san juna ba suka dubi abu ɗaya suka taya shi kusan kuɗi ɗaya, su ne duk suka haɗa baki, ko kai ne ka ƙi jin abin da kasuwa take gaya maka? Wane maƙwabci ne ya shiga aljihun mutum biyar?

Na san abin da za a ce. Ai siminti ya yi tsada, je ka gina irinsa yau ka gani. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, rodi da kwano da katako duk sun bi sahu. Amma kuɗin gini ne ya tashi, aljihun mai saye bai tashi ba. Mu tsaya mu dubi wa ke sayen gida a Zariya. Malamin ABU ne, ko na kwalejin Nuhu Bamalli, ko likita da nas na asibitin koyarwa da ke Shika, ko sojan da ya yi ritaya, ko ma'aikacin da ya karɓi garatuti, sai ɗan kasuwar hatsi da kaka ta yi wa kyau. Yawancinsu 'yan albashi ne, kuma albashin nan shinkafa da kuɗin makaranta da man babur sun gama da shi kafin ashirin ga wata. Babu mai zuwa banki ya ci bashi ya sayi gida a nan. Babban Bankin ƙasa ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ka ƙiyasta na bankunan kasuwa, balle da yawa cikinmu ba ma taɓa bashin ruwa saboda addini. Tsabar kuɗi ake biya, kuma mai tsabar kuɗi a wannan lokaci yana da zaɓi har ya rasa na ɗauka. Zariya ba Abuja ba ce, ko Kaduna ba ce. Ka ga an sayar da gida a Malali ko Unguwar Rimi, ka zo ka ɗora wa gidan Hanwa wannan kuɗi, sannan ka ce mutane ne ba sa ƙaunarka?

Sai kuma a ce ai ƙasa ba ta ruɓewa, a bar shi har mai rabo ya zo. Ƙasa ba ta ruɓewa, amma gida yana ruɓewa. Na shiga gidan nan makon jiya, wallahi sai da idona ya cika da ƙwalla. Silin ɗin falo ya zubo, gara ta cinye ƙofofi biyu, an cire wayar wuta da famfo, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gidan da muka yi wasa muna yara. Wanda zai saya yau, kafin ya buɗe baki ya riga ya cire kuɗin gyara a ransa. Ita kuma nairar da ake jira, a farkon 2023 dala ba ta kai 800 a kasuwar bayan fage ba, a 2024 ta wuce 1,500. Miliyan 32 ɗin da aka wulaƙanta, da an raba ta a lokacin, da gwaggonmu mai marayu huɗu ta sayi fili a Dakace ta fara ɗora bulo. Yau tana gidan haya a Tudun Wada, mai gida ya ƙara mata kuɗi sau biyu. Ita ce take biyan kuɗin taurin kanmu, kuma ita ce ba a bari ta yi magana a zaman dangi.

Ga kuma dillalai. Ba na zagin sana'ar kowa, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma an ba mutum bakwai gida ɗaya, kowa ya ɗora nasa ban da la'ada. Mai saye ya ji 45 a bakin wannan, 50 a bakin wancan, wani a Kwangila ya ce masa 55 ne amma zai yi masa ƙoƙari. Me zai ɗauka? Zai ɗauka akwai lauje cikin naɗi, ya kama gabansa. Mutum ɗaya amintacce ya isa, a yanka masa la'adarsa a gaban shaidu, kuɗi ya zama ɗaya a kowane baki.

Takardu ma haka. Mutumin da zai zuba duk abin da ya tara a rayuwarsa ba zai yarda da tsohuwar takardar ciniki mai hannun mai unguwa kaɗai ba, ba a wannan zamanin ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma a jiharmu yanzu mai hankali sai ya je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ya bincika kafin ya biya. In gidan gado ne kuma, tambayar farko ita ce: duk magada sun yarda? An je kotu an raba? Mu namu har yau akwai ɗan uwa ɗaya a Legas da bai sa hannu ba, kuma kowa a unguwa ya sani. Amma ko wannan, ku lura, magana ce ta kuɗi. Gida marar satifiket yana sayuwa kullum a garin nan, sai dai da kuɗin gida marar satifiket. Gidan da ke lungun da mota ba ta shiga yana sayuwa. Gidan da ke gangaren Kubanni wanda ruwa ke shiga duk Agusta, shi ma yana sayuwa in an faɗi gaskiya an sa masa kuɗinsa. Abin da ba ya sayuwa shi ne gidan lungu da kuɗin gidan bakin titi.

Na fahimci Kawu, kada a ɗauka ban fahimce shi ba. Shi da yake duban gidan, mahaifinsa yake gani zaune a kan buzu a zaure. Yana tuna shekarun da tsohon ya yi yana tara kuɗin bulo ɗaiɗai. A wurinsa rage miliyan goma kamar rage darajar mamaci ne. Ni ma ina jin haka. Amma baƙon da ya zo saye bai san kakanmu ba, bango da rufi da hanya yake gani. In ba za mu iya rabuwa da gidan ba, mu faɗa, mu goge rubutun katanga, mu gyara mu sa haya, ɗalibai da ma'aikata na nan suna neman ɗaki ido rufe daga Samaru har Palladan. In kuma sayarwa za a yi, a nome ciyawa, a gyara rufi, a tambayi abin da aka biya da gaske a gidaje uku na kusa da aka sayar bana, ba abin da masu su suka nema ba, a sa kuɗin a nan. Addu'a kuwa kullum muna yi, amma ɗora wa bawan Allah sharrin jifa babu hujja, mutumin da ya ɗauki gawar kakanmu da kafaɗarsa, wannan zalunci ne, kuma ba da ni ba.

Wani abin da ya ƙara dagula min lissafi, kusan duk wanda ya zo duba gidan sai ya ce zai rushe zauren ƙasa na gaba ya yi shaguna. Zaure ne mai rufin ɗaurin guga, da azara, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an kunna maka fanka. A garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'ar da masana gini daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo, yanzu ka nemi maginin da zai yi maka yaɓe mai kyau ka sha wuya. Ku bi ta Kwarbai da Ƙofar Doka ku ƙirga sorayen da suka rage. Tsohon da yake yi mana yaɓen zauren duk shekara kafin ruwa ya sauka ya rasu, 'ya'yansa biyu suna tuƙa Keke Napep a hanyar PZ. Duk wanda ya san maginin ƙasa na gaske a cikin birni ya sanar da ni, ina so a taɓa zauren nan kafin damina, ko da kuɗina ne ni kaɗai.