Sunan Fulawa A Gwammaja

Daren suna ne a wani gida a Gwammaja, an ɗaure rago a zaure yana ta kuka kamar ya san gobe da safe tasa ta ƙare, mata na suyar cincin a tsakar gida, ita kuma maijego Zainab ta fito daga wankan ganyen darbejiya kenan, ga kunun kanwa a gabanta ga waya a hannu, sai Hajiya uwar miji ta ɗaga labule.

HAJIYA: Sannu 'yar nan, ya jikin? Ina kishiyar tawa? Wai ni har yanzu ba wanda ya faɗa min sunan da aka yi mata huɗuba da shi, wancan in na tambaye shi sai ya hau sosa ƙeya yana min zancen kasuwa.

ZAINAB: Hajiya ai cewa ya yi wannan karon ni zan zaɓa, tunda Abba sunan Alhaji ya ci, Ummi kuma mai sunanki ce.

HAJIYA: To madalla, an yi adalci. Wa aka samu?

ZAINAB: Nilufar.

HAJIYA: Ke lufar, na ji. Ita kuma fa?

ZAINAB: A'a Hajiya sunan kenan gaba ɗayansa, Ni-lu-far. Sunan fulawa ne.

HAJIYA: Fulawa?! Ta fanke ko ta burodi? Yo in don tsada ne da ake zuwa Singa a dawo ana salati ai gara ki sa mata Suga, mu san mun haifi mai daraja.

ZAINAB: Fure nake nufi Hajiya, fure.

HAJIYA: To ki ce fure mana, Hausa ta ƙare ne? In fure kike so ai ga Furera nan, ba a taɓa jin ta karya wa kowa harshe ba.

Ana haka maigida ya shigo da ledar goro da dabino, yana jin inda zance ya dosa ya so juyawa, amma ina, an riga an gan shi.

HAJIYA: Kai, dawo nan. Da bakinka ka raɗa wa yarinya wannan abin a kunne?

MAIGIDA: Wallahi Hajiya a takarda ta rubuta min, sau uku ina maimaitawa, a na ukun ma yarinyar ta fashe da kuka.

ZAINAB: Haba Baban Abba, yunwa take ji! Kuma suna ne na manyan mata fa, a Turkiyya da Iran ko'ina akwai shi, matar Sarki Orhan na Daular Usmaniyya ma sunanta kenan, je ka duba a intanet.

HAJIYA: Ba intanet za a duba ba, Malam za a duba. Ai na ji muryarsa a zaure yana ƙarewa ragon nan kallo, shigo min da shi.

Malam ya yi sallama ya tsaya daga bakin ƙofa, aka miƙa masa takardar, ya ɗaga ta sama ya kawo ta ƙasa ya gyara tabarau.

MAIGIDA: Allah gafarta Malam, ya halatta?

MALAM: Eh to, asalinsa ba Larabci ba ne, daga Farisa Larabawa suka aro shi, mu a littattafan ɗibbu muke cin karo da shi. Wani tsiro ne da ke fitowa a kan ruwa, ganyensa faffaɗa, furensa kyakkyawa...

ZAINAB: Kin ji ko Hajiya!

MALAM: ...wanda mu nan muke ce wa bado.

Tsit. Har masu cincin suka daina juya matsami.

HAJIYA: Bado? Badon kududdufi? Wanda kwaɗi ke zama a kan ganyensa suna mana wa'azi da damina? La'ilaha illallahu! 'Yar nan ni da muna yara kafin a cike kududdufan garin nan a gina shaguna har wuya muke shiga ruwa mu tsinko shi mu fasa mu cinye 'ya'yan, mu dawo gida zane sharkaf a zane mu, ashe wai sunan matar sarki muke ci ba mu sani ba.

ZAINAB: Ba irin namu ba ne Hajiya, na can daban ne, kin ga hotonsa.

HAJIYA: Matso da wayar... wallahi shi ne, kwaɗon ne kawai bai fito a hoton ba. To shikenan an buɗe ƙofa, baɗi a haifo mana Zoɓo, a biyo da Tumfafiya, in namiji ne kuma a sa masa Zaƙami ya haukata unguwa.

MALAM: A'a Hajiya a yi adalci, ma'anar ba ta da muni, kuma suna dai linzami ne, wannan bai ja ta ko'ina mara kyau ba. Ai sunayen furanni sun daɗe a cikinmu ba mu lura ba ne. Yasmin fure ne, Warda fure ne, kai hatta Raiha... 

Nan maigida ya ƙirƙiro tari, irin tarin da ba na mura ba, don duk gidan ba mai kama sunan nan, shi ya sa ma ake ce wa yarinyar Ummi.

HAJIYA: Ƙyale shi ya ƙarasa. Raihanatu, sunan da ubana ya yanka min rago, me ya same shi?

MALAM: Babu komai Hajiya, suna ne mai albarka, raihan yana cikin Suratur Rahman, yana cikin Waƙi'a, tsiro ne mai ƙamshi.

HAJIYA: Wanne?

MALAM: Dare ya yi fa, ga sammako gobe...

HAJIYA: Malam wanne?

MALAM: Ɗoɗɗoya.

Zainab ta cusa fuska a tawul ɗin jaririya kafaɗunta na rawa, wai ita ala dole shayarwa take.

HAJIYA: Ɗoɗɗoyar da ake korar sauro da ita? Shekara 70 ina amsa sunan ganye ba wanda ya faɗa min? To ko ma dai mene ne nawa yana cikin Alƙur'ani, nata kuwa yana cikin kududdufi. A canja.

MAIGIDA: Hajiya matsalar an riga an buga sitika 200 da sunan, an manna a robobi da jakunkunan rabo.

HAJIYA: An biya?

MAIGIDA: Tas, ba ragi ma.

HAJIYA: To Allah ya raya. Ba a asarar kuɗi a gidan nan.

Bakanuwa kenan, fatawar Malam ba ta sauko da ita ba sai rasit.

Da asuba aka taru a ƙofar gida, aka raba goro, Malam ya yi addu'a aka shafa, saura maroƙi ya kai wa mata labari cikin gida.

MAROƘI: Jama'a an raɗa suna! Sunan yarinya Nuru... Nafila... Alhaji dan Allah me ka ce?

MAIGIDA: Nilufar!

MAROƘI: Kai lufar, ranka ya daɗe, ita yarinyar fa?

ABBA: Hajiya ta ce Bado ne da Hausa!

MAROƘI: Yauwa ɗan albarka! Bado 'yar Alhaji jikar Alhaji, Bado ta fi ƙarfin mai tsoron ruwa, Allah ya raya mana Bado!

Guɗa ta kaure a cikin gida kafin Zainab ta kai ga buɗe baki.

HAJIYA: Maman Bado, miƙo min kishiyata na ga ko ta yi kama da sunan.

UMMI: Hajiya, ni da ke mu ne ɗoɗɗoya ko?

HAJIYA: Ke! Wa ya faɗa miki?

UMMI: Jiya ina bayan labule. Na ma faɗa wa maroƙin, ya ce yanzu zai zo kanki.