Faifai Na 3 Yana Jikin Keke

Ni ne ma'ajin adashin malaman makarantarmu, mutum 22, kowa naira 10,000 duk wata. Ba wai na fi kowa amana ba ne, ni ne dai mai laftof. Wanda ya zuba, wanda ya kwasa, wanda ya ce a yi masa haƙuri zuwa Juma'a, duk suna cikin wani shafin Excel da nake ji da shi kamar takardar gida.

A 2013 na sayo laftof ɗin a titin Beirut da ke Kano, sabuwa dal a kwali, da Windows 7. Ranar da na fara kunna ta, ta nemi in kawo faifan DVD ta yi mini faifan farfaɗo, ta kuma ce sau ɗaya tak za ta yarda a yi. Na sayo guda 4, kowanne mai cin giga 4.7. Tun bayan sallar Isha'i nake zaune har dare ya raba, tana tofo wannan ina cusa mata wancan. Na sa alƙalamin maka na rubuta musu lamba, na zuba a ambulan, na tura ƙasan akwatin ƙarfe tare da takardun makaranta. Daga ranar na ɗauki kaina wanda ya gama da matsalar kwamfuta har abada. Duk abokin aikin da ya zo yana kukan tasa ta lalace, sai in gyara zama in ce, “Ai ba ka yi faifai ba ne.” Shekara 12 ina wannan wa'azi.

A 2015 aka ba da Windows 10 kyauta, na hau abina. Faifaina suna akwati suna barci.

Sai ga Oktoban 2025, aka ce daga ranar 14 ga wata za a daina aiko wa Windows 10 sabuntawa. Na ɗauka abin kamar rabon taki ne, wanda bai je da wuri ba ya rasa. Na loda data, na haɗa laftof da wayata, na ce ta kwaso duk abin da ya rage. Abin da na ƙi tunawa shi ne batirinta ya rasu tun shekara 3 da suka wuce, ana zare caja take sheƙawa. Allo ya yi shuɗi, ta rubuta cewa ta kai kashi 27, kada a kashe ta. Ni dai na ji gargaɗin. Masu wuta ne ba su ji ba.

Da wutar ta dawo wajen asuba, na danna. Ɗigo-ɗigo suka yi ta zagaye, ta ce tana gyara kanta, ta mutu, ta taso, ta sake cewa tana gyara kanta. Ko gezau ban yi ba. Har da murmushi na jawo akwati, don yau ranar faifai ta zo.

Na zazzage ambulan: 1, 2, 4.

Na sake ƙirgawa, kamar ƙirga ne zai haifo na ukun. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, wannan mai ƙyallin kake nema? Ai ranar da na buɗe akwatin neman takardar haihuwa ya faɗo, auta ya tsince shi.” Na fita zaure, ga keken auta a jingine, ga faifaina a tsakiyar wayoyin ƙafar gaba. An huda shi da ƙusa wuri biyu, an ɗaure da wayar kwano, lamba 3 da rubutun hannuna tana kallona. Yaron ya ce, “Baba, in ina gudu da rana har ƙyalli yake yi.” Na ɗaga hannu, na tuna azahar ba ta yi ba balle a ce zafi ne ya ɗebe ni, na mayar da shi aljihu.

Haka na naɗe laftof da faifai huɗun, har da mai hujin, na nufi kasuwar wayoyi ta Farm Centre. Mai gyaran yaro ne, ko gemu bai gama fito masa ba. Ya ɗaga na ukun ya leƙo ni ta cikin hujin, sannan ya ce, “Baba, ka sai wa yaron nan alawa. Shi ya cece ka.”

Wai ashe faifan farfaɗo ba ya ajiye ko harafi ɗaya na abin da mutum ya rubuta. Aikinsa shi ne ya share had dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, tas, ya mayar da kwamfuta yadda ta fito daga kamfani. “Kamar ka ce a mayar maka da gida yadda magini ya miƙa maka shi ne,” in ji shi, “ba gado, ba tukunya.” Da sun cika huɗu na zura su, da na wayi gari a 2013, kan Windows 7 da aka daina kula da ita tun Janairun 2020, ba adashi, ba hotunan suna, ba tambayoyin jarrabawar da na shekara 10 ina tarawa. Na tuna mutanen da na yi wa wa'azi, na ji kunya ta sauko mini har wuya.

Ya kwance noti, ya zaro had dis ɗin, ya sa shi a wani ɗan gida mai igiya, ya kwashe takarduna da hotuna kaf ya zuba a sabon filas mai giga 32 da na saya nan take. Sannan ya yi wa laftof fomat ya ɗora mata Windows sabuwa. Ya ce yanzu ba a yayin faifai, a filas ake yin abin farfaɗo, giga 16 ma kan isa, kuma a riƙa sabunta shi ko sau ɗaya a shekara, musamman bayan babbar sabuntawa. Takardu kuwa a ajiye su daban, wuri biyu. Na yi ta gyaɗa kai, amma rabin farko kawai ya shiga.

Da dare aka kawo wuta, na ce yau zan zama mutumin kirki. Na soka filas, na nemo wurin yin abin farfaɗon. Wani rubutu ya fito da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Ni fa malamin Turanci ne. Ni ne mai cire wa yara maki 5 in ba su karanta umarni kafin su amsa tambaya ba. Na danna na wuce, na tafi shan shayi.

Bayan fiye da awa guda ta ce ta gama. Na buɗe filas don in mayar da takarduna cikin laftof, sai na tarar da wasu folda baƙi, masu sunaye irin su boot da sources, ko ɗaya ban san shi ba. Gargaɗin da na tsallake cewa yake duk abin da ke cikin filas ɗin za a goge shi. Na kira mai gyara. Ya yi shiru, sannan na ji ya rufe bakin wayar yana ba maƙwabcinsa labari.

Washegari a ɗakin malamai na sanar cewa lissafin adashi ya salwanta. Ikon Allah, nan take aka gano duk mutum 22 sun zuba na wannan watan, har da wanda ke gudu in ya hango ni. Mutum 3 kuma kowa ya rantse shi ne da kwasa. Ana cikin hayaniya wata malama ta zaro waya ta ce, “Malam, ba kai ne kake ɗaukar hoton allon kwamfutarka duk ƙarshen wata kana turowa a WhatsApp ba?” Ga shi nan kuwa, na Satumba, a karkace, har da inuwar hulata a jiki. Biyu daga cikin masu kwasar suka tuna suna da aji.

Hotunan suna kuma na roƙo su ɗaya-ɗaya daga wayoyin ƙannen uwargida, kowace sai ta ji labarin daga farko kafin ta turo.

Ranar Asabar auta ya same ni a zaure, yana murza hannu, ya ce ƙafar baya ba ta da ko ɗaya. Na ba shi na 2 da na 4, har na riƙe masa ƙusa. Na 1 dai na mayar da shi ambulan, na tura ƙasan akwati.